Jakar Auta da Akwatin Kawu na Ƙarshe

Auta ta kife jakarta a kan kantar Baba mai jaka, komai ya zube: tocila, ɗan madubi, hantsaki, safar hannu, ƙaramin almakashi, cajar waya, makullan kantin maganin da take aiki, man shafawa, da alewa biyu da suka narke suka manne da wani tsohon kati. Biro ne ya faɗo a ƙarshe, ya gangara ya tsaya a bakin kanta.

"Ka gan shi nan, Baba," ta ce, tana nuna biron kamar ta kama ɓarawo. "Shi ya ja mini abin kunya. Jaka nake so wadda zan zaro shi kafin mutum ya ƙifta ido."

Baba ya shekara talatin a wannan shagon. Ya ga masu neman jakar makaranta, ya ga masu neman ta tafiya, ya ga masu neman wadda za ta dace da takalmi. Mai neman jakar biro ce dai bai taɓa gani ba. Ya gyara zaman tabaraunsa, ya tambaye ta ko jarrabawa za ta rubuta.

Ta yi masa bayani da sauri, magana na hawa kan magana. Wasa ne, amma irin wanda ke hana mutum cin abinci. Wani zai ɓoye ɗan akwati a wani lungu na gari, wani akwatin kamar gwangwanin madara, wani bai fi ɗan yatsa ba. Zai sa takarda a ciki, ya ɗora lambobin wurin a manhaja. Sauran 'yan wasa sai su bi kibiyar da wayarsu ke nunawa har su gano shi, su rubuta suna da kwanan wata, su mayar da shi yadda suka same shi ba tare da masu wucewa sun lura ba. Ba a ba da kuɗi, ba a ba da kofi. Amma sunan da ya fara hawa farar takarda shi ne ya ci. Ko kai ka fara hangowa, ko kai ka fara taɓawa, in ba ka rubuta ba, ba a san da zamanka ba.

Mako uku da suka wuce, a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙafa, ita ta fara gano wani sabon akwati. Ta buɗe, ta zaro takarda fara tas, ta zura hannu cikin wannan ƙatuwar jakar tana laluben biro. Ta kamo caja, ta kamo man shafawa, ta kamo alewa. Tana cikin haka yayanta, mai gyaran wutar lantarki, ya iso yana haki, ya gaishe ta da ladabi, ya ce ta kawo ya riƙe mata takardar don ta samu hannu biyu. Ta ba shi. Ya zaro biro daga bayan kunne ya rubuta sunansa a gaban idonta. Tun daga ranar ya daina ce mata Auta, sai Ta Biyu. Har a gaban mahaifiyarsu.

Baba ya yi dariya har sai da ya dafa kanta. Ita ba ta yi ba, domin maganar gobe ta wuce tsokanar Yaya.

Kawunsu, ƙanen mahaifiyarsu, tsohon ma'aikacin safiyo ne, masu auna filaye, shi ya koya musu wasan. Cikin shekara goma sha biyu ya ɓoye akwati arba'in da ɗaya a garin, kowanne da hannunsa ya ƙera: wani kamar kan kusa, wani kamar dutse, wani kamar dodon koɗi da ya maƙale a bango. Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya zagayawa ya duba wanda ruwa ya shiga da wanda takardarsa ta cika. Ya tara Auta da Yaya ya ce gobe Asabar, ƙarfe tara na safe, zai saki lambobin akwatinsa na ƙarshe. Wanda ya fara rubuta suna a cikinsu biyun, shi zai gaji kula da dukkan akwatunan, da littafin da ya zana inda kowanne yake. Yaya ya riga ya faɗa da bakinsa cewa in suka dawo hannunsa zai kwashe tsofaffin, ya sa na roba iri ɗaya, masu sauƙin gyara. Auta ta ji maganar kamar an ce za a rushe ɗakin da aka haife ta.

Baba ya daina dariya. Ya cire agogonsa ya ajiye a kan kanta, ya ce to a fara.

Ta farko jakar goyo ce mai aljihu tara. Auta ta zuba kayan, ta goya, Baba ya ce "yanzu", ta sauke, ta buɗe aljihun da ba shi ba, ta sake buɗe wani. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Baba ya ce ai kafin nan Yaya ya rubuta suna har da lambar waya. Ta biyu 'yar ƙarama ce ja jawur, ta zauna mata a ƙugu kamar don ita aka ɗinka, amma ta ture ta: mai jar jaka yana tsugune a gindin benci, duk wanda ke kan titi sai ya juyo. Ta uku launinta daidai, sai dai marfinta irin mai mannewa ne, in an ɓare shi sai ya yi ƙara kamar an yaga zane, har wata mata da ke duba akwatunan tafiya ta waigo. Ta huɗu zif ɗinta ya cije a rabi. Ta biyar tocila ba ta shiga ba.

Zuwa lokacin Baba ya fi ta zaƙuwa. Ya bar matar akwatunan tana jira, ya hau tsani, ya sauko da kwali daga can saman kanta yana hure ƙura. Ciki wata 'yar jaka ce ta fata, ruwan ƙasa, ba ta fi tafin hannu biyu ba, da siririn maratayi mai ƙugiya a kowane gefe. Aljihu biyu kawai. A jikin gefenta akwai ɗan madauki da biro ke tsayawa a tsaye, kansa a waje. Marfin kuwa babu zif, babu maɓalli: maganaɗisu ne a ciki, ka ɗaga da ɗan yatsa ya buɗe, ka saki ya koma ya rufe kansa ba ƙara.

Komai ya shiga, har da almakashin, in ban da makullan da ta ce za ta sa a wuya. Ta rataya ta a gaba, daidai cikinta. Baba ya ɗaga agogo.

"Yanzu."

Biro na hannunta.

"Daƙiƙa biyu," in ji Baba. "Sake, Malama, ko idona ne."

Sau shida suka sake. Sau shida daƙiƙa biyu. Ya nuna mata ma wani amfanin: in ta gajarta maratayin, saman jakar ya zama kamar ɗan tebur, sai ta ɗora waya a kai tana tafiya, hannu ba zai gaji ba. Ta biya ba ta ko taya ba. Har ta kai ƙofa ya kira ta ya ce don Allah ta dawo ta gaya masa yadda aka ƙare, in ba haka ba shi ma ba zai samu sukuni ba.

Ƙarfe tara saura minti biyar na safiyar Asabar tana tsaye a tashar mota ta tsakiyar gari, domin daga nan ko'ina kusa ne. Tara daidai wayar ta yi ƙara. Lambobin suka fito, da layi ɗaya na bayanin Kawu: akwatin na ƙarfe ne, kada a kwance komai, kada a fasa komai. Taswira ta nuna wajen tsohon lambun shaƙatawa da ke bayan ɗakin karatu. Ta faɗa motar da ta fara tsayawa, ta sauka a mahaɗar titi huɗu, mita ɗari biyu da arba'in tsakaninta da wurin. Ko ƙeyar Yaya babu.

Ta ɗora wayar a kan jaka, ta dafe ta da yatsa biyu, kibiya ta nuna hagu. Ta bi hagu. Lambun babba ne, yana da ƙofofi ta kowane gefe, don haka ba ta yi mamaki ba da kibiyar ta ɗauke ta ta gefen masu sayar da tayoyi. Ta ratsa tsakanin motoci biyu, ta tsallake kwata, ta kusa ture wani mai ɗauke da katako. Tana tafe tana gwada hannu a kan biro.

Sai ga Yaya a kan babur ɗinsa, da ƙatuwar jakar aikinsa a baya, yana tahowa ta inda take nufa, zai wuce ta inda ta baro. Ya rage gudu.

"Ta Biyu, mantuwa kika yi a gida?"

Ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Daɗi ya kama ta har ta ji kamar ta yi tsalle: yau Yaya ya ɓata, ya nufi inda ba nan ba. Ta ƙara sauri. Sai da ta kai wajen wani gidan mai da ta san ba shi da haɗi da lambun sannan idonta ya sauka daga kan kibiya zuwa ƙananan lambobin da ke ƙarƙashinta.

Mita ɗari huɗu da goma.

Ta tsaya cak. Ta ɗaga wayar sama don ta duba ko sabis ne ya ɗauke, sai kibiyar ta yi juyi ta nuna bayanta. Ta mayar da ita kan jaka, kibiya ta koma gaba. Ta ɗaga, baya. Ta sauke, gaba. Sai ta lura da makullan kantin magani da ta rataya a wuya: ɗaya ya manne a jikin marfin jakar, ya ƙi sakuwa. Kawu ya sha gaya musu tun suna yara cewa kada a kusantar da maganaɗisu kusa da abin nuna hanya. Ita kuwa ta saye shi da kuɗinta, ta ɗora wayarta a kansa.

Ba ta tsaya jin haushi ba. Ta wurga jakar ta koma bayanta, ta miƙa wayar can gaba kamar mai riƙe da kofin shayi mai zafi, ta kwasa da gudu.

Ta shiga lambun ta ƙofar baya numfashinta na fita da ƙyar. Kibiya ta kai ta wani ɗan ɗakin famfo da aka daina amfani da shi, bayan wasu itatuwa. Can gefe a kan benci Kawu na zaune da sandarsa da jarida, ya yi kamar bai taɓa ganinta ba a duniya. Yaya kuwa yana tsugune a jikin bango, ya zazzage jakar aikinsa kaf a ƙasa: filaya, sukundireba, waya, tef, tocila biyu, gorar ruwa. Fuskarsa ta jiƙe da gumi. Hannunsa babu takarda.

Ya gano wurin, amma bai fito da shi ba. Wani tsohon bututun roba ne a manne da bango, bakinsa a sama daidai ƙirji, faɗinsa bai kai a zura hannu ba. Taƙi ɗaya daga bakin ya lanƙwashe ya bi gefe, sannan ya sake nutsawa ƙasa. In an ƙwanƙwasa shi sai a ji wani abu na ƙarfe yana motsi can ciki.

Kawu ya naɗe jaridar ba tare da ya kalle su ba, ya tuna musu dokarsa: in biyu suka haɗu a kan akwatin da ba a buɗe ba, minti biyar biyar ne, bi da bi. In lokacinka ya cika, duk abin da ke hannunka sai ka miƙa wa na gaba, ko da takardar ce. Ya ce Yaya ya ci minti biyu, saura uku.

Auta ta tsaya tana kallo. Yaya yana da sandar maganaɗisu irin mai miƙewa, amma sanda ce, tana kaiwa lanƙwasar sai ta tsaya. Ya ɗaure ta da waya ya saki, tsawonta ya hana ta juyawa. Ya lanƙwasa waya ya yi ƙugiya, ta wuce, ta shafi abin, ba ta da inda za ta kama. A minti na ƙarshe ya ɗauki gorar ruwa ya tuttula a ciki ko abin zai taso. Ruwan ya fito ta wasu ƙananan huji a ƙasa ya jiƙa masa takalmi. Daga kan benci aka ji wani ɗan tari mai kama da dariya.

"Lokaci," in ji Kawu.

Yaya ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya yi mata nuni da bututun kamar mai ba baƙo kujera. Ya ce ta gwada da madubinta da hantsakinta, shi zai huta ya dawo, ai minti biyar ba nisa.

Ta jawo jakar gabanta don ta ciro tocila, makullin nan ya sake mannewa a marfin. Ta kalli makullin. Ta kalli bututun. Maganaɗisun bai fi maɓallin riga girma ba. Maratayin siriri ne, mai laushi, ya fi kamu biyu tsawo.

Ko kwana ɗaya jakar ba ta cika ba a hannunta, har yanzu tana ƙanshin sabuwar fata. Auta ta zaro almakashi.

"Ke, lafiyarki kuwa?" in ji Yaya. "Sabuwa ce fa."

Fatar ta yi tauri, almakashin na yankan bandeji ne. Ta cije leɓe ta dinga datsa har ta zagaye maganaɗisun, ta fitar da shi da ɗan guntun fata a jikinsa. Ta huda guntun da tsinin almakashi, ta ɓalle maratayin daga jakar, ta saƙala ƙugiyarsa a hujin. Jakar ta faɗi ƙasa. Kawu ya ce saura minti biyu da rabi, kuma a karon farko ya ajiye jaridar gaba ɗaya.

Ta zura. Maratayin ya sauka, ya tsaya a lanƙwasa. Ta girgiza shi a hankali, ta murza, ya zame ya wuce. Ya ci gaba da tafiya har saura ɗan abin da ta naɗe a yatsa. Sai ta ji ɗan ƙas, kuma maratayin ya yi nauyi.

Ta ja da sauri. A lanƙwasar abin ya bugi bango, ya saki, ya koma ƙasa da ƙara. Yaya ya sauke numfashi, ya ce ya gode, ta nuna masa hanya, in lokacinta ya cika sai ta bar masa maratayin tunda dokar ta ce duk abin da ke hannu.

Saura minti ɗaya da kaɗan. Ta sake zurawa. Ƙas. Wannan karon ta ja kamar mai zare ƙaya daga ƙafar jariri, ta kara kunne a jikin bututun tana jin abin yana gogar roba. Da ya iso lanƙwasar ta tsaya, ta karkatar da maratayin gefe, ta ba shi lokaci ya juya da kansa. Ya juya. Wani ɗan gwangwani na ƙarfe, tsawon ɗan yatsa, ya leƙo bakin bututun yana lilo.

Ta cafke shi, ta murɗe murfin. Takardar a naɗe take can ciki, siririya. Hantsaki yana cikin jaka, jaka tana ƙasa. Ta durƙusa, ta zaro shi ta ramin da ta yanka a marfin, ta kamo bakin takardar, ta warware. Fara tas.

"Kawo in riƙe miki," in ji Yaya.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Kawu ya fara ƙirga daga goma da ƙarfi. Hannunta na dama ya tafi cikinta, inda ta saba tun jiya, ya dafa riga. Babu jaka a wurin. Bakwai. Ta waiga, jakar ta kife a gefen takalmin Yaya. Ta kai hannu ta juyo ta, ga kan biro a tsaye a madaukinsa kamar yana jiranta. Biyar. Ta shimfiɗa takardar a gwiwa, ta rubuta Auta, ta rubuta kwanan wata da sauri har harafin ƙarshe ya fita layi.

"Ɗaya," in ji Kawu. Ya miƙo hannu, ta kai masa, ya ɗaga takardar kusa da ido ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce rubutun kamar na kaza, amma ana karantawa.

Auta ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zubo mata. Yaya ya karɓi takardar don ya sa nasa sunan a layi na biyu. Ya shafa bayan kunne, babu biro. Ya tsuguna kan tulin kayansa, ya ɗaga filaya, ya ɗaga tef, ya zazzage jakar da ta riga ta zama fanko. Ta bar shi ya yi ta nema har sai da ta gama mayar da numfashi, sannan ta miƙa masa nata, ta ce ya rubuta a hankali, babu mai jiran layi na biyu.

Bayan ta mayar da ɗan gwangwanin cikin bututu, Kawu ya jawo wata leda daga ƙarƙashin benci. Littafin ne. Ta ɗauka ɗan ƙarami ne na aljihu. Ashe ƙato ne mai bangon katako, kamar rajistar makaranta, an ɗaure shi da roba saboda takardun da aka cusa a ciki. Ya buɗe mata shafin farko, ga zanen dodon koɗin nan da kibiyoyi da awo. Ya ce na bakin kasuwa takardarsa ta kusa cika, na bayan asibiti kuma yana shan ruwa, ta fara da su. Ta rungume littafin a ƙirji. Ta ɗauki 'yar jakar ta gwada shi a bakinta. Ko kusurwarsa ba ta shiga ba.

Kafin azahar tana shagon Baba. Ta ajiye jakar a kan kanta, marfi da rami, maratayi daban. Baba ya ɗauka, ya zura yatsa ta ramin, ya juya ta gaba da baya. Bai tambayi abin da ya same ta ba.

"Daƙiƙa nawa?"

"Biyu, Baba. In ka cire lokacin da na ɓata ina neman jakar."

Ya buga kanta da tafin hannu har jakar ta yi tsalle. Ta ɗora littafin Kawu a gabansa, ta ce yanzu wadda wannan zai shiga take so, da madaukin biro a gefe, kuma kada a samu ko ƙwayar maganaɗisu a jikinta. Baba ya auna littafin da taƙi, ya ɗaga kai ya dubi saman kanta, ya jawo tsani.